Kyamarar da aka ɗora wa aikin ƙirga gajimare

Yau da aiki zan fara ba ku. Gobe idan an fita tara, ku haɗu ku biyar ku tsaya a tsakiyar filin ƙwallo, inda bishiya ko gini ba za su tare muku ba. Kowa ya ɗaga kai ya dubi sama gabas da yamma, kudu da arewa, amma banda kallon ƙwayar rana. Sai kowa ya amsa wannan tambaya a takardarsa, ba satar amsa: in aka raba sama gida takwas, gida nawa gajimare ya rufe? In sama ta yi tas, ko kuma hadari ya rufe ta ruf, bakinku zai zo ɗaya. Amma in ranar gizagizai a warwatse suke, wani zai rubuta uku, wani huɗu, wani ya rantse biyar ne, kuma babu mai iya ƙaryata wani, domin kafin ku gama musu gajimaren ya sauya fasali.

Kada ku ɗauka wasa na sa ku. Wannan shi ne aikin da ma'aikatan yanayi suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi a faɗin duniya, kuma har gobe da yawansu da ido suke yin sa. Kowane gida ɗaya cikin takwas ɗin nan, wanda masu rabon gado ke kira sumuni, sunansa okta a wurinsu. Sifili na nufin babu gajimare ko kaɗan, takwas kuma sama ta rufe babu ko kafa. Ƙa'idar tana da tsauri a gefe biyun: in akwai ɗan guntun girgije ko da bai kai tafin hannu ba, okta ɗaya za a rubuta, in kuma sama ta rufe saura 'yar kafa da ake hango shuɗi, bakwai ce. Akwai ma lamba tara, wadda ake rubutawa idan hazo ko ƙura sun hana a ga saman kwata-kwata. Ku riƙe wannan taran, za mu dawo kanta.

Wa ya damu da wannan ƙidaya? Na farko matuƙin jirgin sama. A rahoton yanayin da ake ba shi kafin ya sauka, akwai wasu haruffa uku-uku: FEW na nufin okta ɗaya zuwa biyu, SCT uku zuwa huɗu, BKN biyar zuwa bakwai, OVC kuma takwas cif. Tsakanin huɗu da biyar akwai iyaka mai muhimmanci, domin daga biyar ne ake ɗaukar gajimaren ya zama rufi a kan filin jirgi. In rufin ya yi ƙasa sosai, matuƙi ba zai ga titin sauka ba sai ya kusa taɓa shi, kuma hakan na iya sa a karkatar da jirgi mai ɗaruruwan fasinjoji zuwa wani gari. To kun ga musun da kuka yi a filin ƙwallo kan huɗu ne ko biyar, a wani wurin ba ƙaramin musu ba ne.

Na biyu masu nazarin sauyin yanayi. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na duniya a lulluɓe yake da gajimare a kowane lokaci. Gajimare mai kauri da ke ƙasa-ƙasa yana mayar da hasken rana sama, ya sanyaya ƙasa. Siriri na can ƙololuwa, mai kama da gashin tsuntsu, yana barin haske ya shigo amma ya tare zafin da ke ƙoƙarin fita. Wanne zai ƙaru, wanne zai ragu yayin da duniya ke ɗumama? Wannan na cikin tambayoyi mafi wuya da masana ke fama da su, kuma ba a amsa irinsu da ƙiyasin da ke sauyawa daga idon wannan ma'aikaci zuwa na wancan.

Matsalar ido ba lalaci ba ce. Gizagizan da ke kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, daga gefe muke ganinsu, sai wannan ya tare kafar da ke bayansa, su yi kamar a cunkushe suke. Kamar dai ka hango kasuwar shanu daga nesa ka ga babu masaka tsinke, sai ka shiga ka tarar akwai fili tsakanin kowace saniya da 'yar'uwarta. Ga kuma dare, wanda in babu farin wata sai dai a ƙiyasta da taurarin da suka ɓace. Sannan mutum yana leƙawa ne sau ɗaya a awa ko a awa uku, gajimare kuwa ba ya jiran kowa.

Tunanin a sa kyamara ta yi aikin ya daɗe, amma akwai cikas: kyamara ta yau da kullum ɗan yanki kawai take ɗauka, ita kuwa sama kamar ƙwarya ce da aka kife a kanmu, digiri 180 daga gefe zuwa gefe. Mafitar ta fito daga wurin da ba ku zata ba, wato kifi. A shekarar 1906 wani masanin fiziks na Amurka, Robert Wood, ya so ya san yadda kifi ke ganin duniyarmu daga cikin ruwa. Haske yakan lanƙwashe idan ya shiga ruwa, shi ya sa kifin da ya dubi sama yake ganin duk abin da ke waje an matse shi cikin da'ira ɗaya a kansa. Wood ya haɗa kyamara a cikin bokitin ruwa ya ɗauki irin wannan hoto, kuma daga nan aka samo sunan "idon kifi". A 1924 wani Bature ɗan Ingila, Robin Hill na Jami'ar Kambrij, ya ƙera gilashin kyamara mai yin wannan aiki ba tare da ruwa ba, musamman don ɗaukar hoton gajimare. 'Yan ajin kimiyya, wannan Hill ɗin shi ne wanda daga baya ya yi suna kan binciken yadda ganye ke amfani da haske wajen fitar da iskar oksijin. Gilashin gajimaren kusan aikin gefe ne a wurinsa.

Sai dai hoton Hill a kan fim yake, kuma mutum ne zai zauna ya duba shi. An sauya wurin da ake musun ne kawai. Canji na gaske ya zo lokacin da kyamara ta koma ta dijital ta haɗu da kwamfuta. A shekarun 1980 masu bincike a Cibiyar Scripps da ke San Diego a jihar Kalifoniya suka haɗa na'urar da ke ɗaukar hoton sama gaba ɗaya ta kuma tantance gajimaren da kanta, daga baya suka inganta ta har tana aiki dare da rana. Tana da kyau amma da tsada. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani na Amurka, Yankee Environmental Systems, ya fito da mai sauƙi wadda ta yaɗu sosai. Dabararta ta burge ni: maimakon kyamarar ta kalli sama, ƙasa take kallo, inda aka ajiye wani madubi mai doro kamar bayan ludayi. Madubin yana tattaro saman duka, kyamarar ta ɗauki hotonsa. Don kada rana ta kashe wa kyamarar ido, an manna wani baƙin zirin a jikin madubin, shi kuma madubin yana juyawa a hankali yadda zirin zai riƙa rufe rana duk inda take. A tashoshin bincike ana iya sa ta ɗauki hoto duk bayan daƙiƙa 30. Ku lissafa: a yini mai awa 12, hoto 1,440 ke nan.

Yanzu ga tambayar da ta fi daɗi. Ta yaya kwamfuta, wadda ba ta taɓa ganin hadari ba, za ta bambanta gajimare da sarari?

Amsar tana cikin dalilin da ya sa sama take shuɗiya. Hasken rana gaurayen launuka ne. Idan ya ratsa iska, ƙananan ƙwayoyin iskar suna watsa shuɗi fiye da ja, kusan ninki biyar, kamar yadda Lord Rayleigh ya yi bayani a 1871. Shi ya sa duk inda ka duba a sarari shuɗi ke zuwa idonka. Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare kuwa ya fi ƙwayoyin iska girma nesa ba kusa ba, kuma yana watsa dukkan launuka kusan daidai wa daida, sai ya fito fari ko toka-toka.

Hoton dijital kuma, kamar yadda kuka sani daga wayoyinku, tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi, galibi daga 0 zuwa 255. Sai kwamfuta ta ɗauki ɗigo ɗaya ta raba jansa da shuɗinsa. A ce ja 70 ne shuɗi 180, amsa wajen 0.39, shuɗi ya rinjaya, wannan sarari ne. A ce wani ɗigon ja 200 shuɗi 210, amsa wajen 0.95, sun yi kunnen doki, wannan gajimare ne. Sai a sa iyaka a tsakani. Wadda aka yi amfani da ita sosai ita ce 0.6: abin da ya haura gajimare, abin da ya gaza sarari. Daga nan sai ƙidaya. In hoton saman yana da ɗigo miliyan ɗaya, 380,000 suka fito a gajimare, kashi 38 cikin ɗari ke nan, wato okta uku, bayan an yi ɗan gyara saboda yadda madubi ke matse gefe-gefen sama. Lissafin da ɗan aji ɗaya zai iya yi ne, illa dai kwamfuta tana yin sa sau miliyan kafin ka ƙifta ido.

Da a nan maganar ta tsaya da an huta. Amma duk abin da ya faranta sama, wannan lissafi gajimare zai kira shi. Kewayen rana kullum fari ne ko da babu girgije. Can gefen sama ma fari-fari yake, saboda hasken ya ratso iska mai yawa. Siririn gajimaren nan na ƙololuwa kuma yakan zame ya wuce ba a ƙirga shi ba, don shuɗi na leƙowa ta cikinsa. Ga raɓa da safe a kan madubi, ga ɗigon ruwan sama, ga tsuntsun da ya ga wuri mai tsayi ya sauka ya bar shaidarsa. Kada ku yi dariya, kashin tsuntsu fari ne, kuma zai zauna a matsayin gajimare a wuri ɗaya har sai wani ya zo da tsumma.

Babban abokin gabar wannan dabara shi ne wanda muka fi kowa sani, wato hazon hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Ƙwayoyin ƙura ma manya ne idan aka kwatanta da na iska, don haka su ma ba sa fifita shuɗi. Ranar da hazo ya sauka a Kano ko Damagaram, sama takan koma fara fat alhali babu girgije ko ɗaya. Kyamarar da aka saita ta da shuɗin saman Oklahoma, in ta dubi wannan, za ta iya cewa okta takwas. Tsohon ma'aikacin yanayi kuwa da ya shaƙi ƙurar a hancinsa ya san hazo ne, in ya yi tsanani ya rubuta taransa. A nan ido ya fi na'ura.

Masana sun san da wannan giɓi. A shekarar 2006 wani shirin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka mai suna ARM ya kwaso tasharsa ta tafi-da-gidanka ya kafa ta a filin jirgin saman Yamai har tsawon shekara, kuma wannan ne karo na farko da tashar ta fita wajen Amurka. An zaɓi Yamai ne saboda tana da hunturu mai ƙura da damina mai hadari a shekara ɗaya. Na'urori na auna haske, ƙura da gajimare daga ƙasa, tauraron Meteosat kuma na auna wurin daga sama. A watan Maris na shekarar wata gagarumar guguwar ƙura ta ratsa yankin, aka samu damar auna yadda ƙura ke rage hasken da ke isa ƙasa ta fuska biyu a lokaci guda.

Dare kuma fa, da babu shuɗi balle ja? A nan ake komawa ga zafi. Kowane abu yana fitar da wani haske da idonmu ba ya gani, gwargwadon ɗuminsa, kuma akwai kyamarorin da shi suke gani. In ka nuna irin wannan kyamara ga sararin da babu komai, za ta ga sanyi ƙarara, kamar tana leƙa sararin da ke bayan iskarmu. In gajimare ya gifta, sai ya fito da haske don ya fi wancan sararin ɗumi. Kun ma san wannan a jikinku: daren da hadari ya haɗo bai zubar ba, zufa ake sha, daren da taurari suka fito rangaɗau kuma asubarsa ta fi sanyi. Irin waɗannan kyamarori ba ruwansu da rana ko wata, sai dai tururin ruwan da ke cikin iska shi ma yana fitar da ɗumi, dole a cire nasa kafin a ƙirga.

Wani zai ce, to tauraron ɗan'adam ba ya wadatarwa? Meteosat yana can nisan kilomita 36,000 a saman tekun Gini, ya daɗe yana aiko da hoton Afirka duk minti 15, sabon samfurinsa da aka harba a Disamban 2022 kuma duk minti 10. Yana ganin hadarin da ya taso daga Chadi tun bai iso Maiduguri ba. Amma ɗigo ɗaya a hotonsa kan kai kilomita ɗaya zuwa uku, ƙaramin girgijen da ya tare wa makarantarku rana ba lallai ya gan shi ba, kuma bayan gajimaren yake gani, matuƙi kuwa cikinsa ya dama. Akwai kuma na'urar leza da ake kafawa a filayen jirgi, mai harba haske sama ta auna lokacin da ya ɗauka ya dawo. Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka in gajimare na tsayin mita 1,500, zuwa da dawowa kashi ɗaya ne cikin dubu ɗari na daƙiƙa. Wajen tsayi ba ta da na biyu, amma abin da ke saman kanta kawai take gani, kamar mai leƙen sama ta cikin bututu. Lokacin da Amurka ta maye gurbin masu duba sama da na'urori a yawancin filayen jirginta a shekarun 1990, da ita aka dogara: tana tara abin da ya gifta cikin minti 30 ta ƙiyasta sauran, kuma na farkon ba sa ganin abin da ya haura ƙafa 12,000. Baƙin hadari na iya tsayuwa a gabas, in bai zo kanta ba, ba ta san da shi ba.

Abin da ya ƙara wa kyamarorin sama kasuwa a 'yan shekarun nan shi ne wutar sola. Girgije mai kauri in ya rufe faranti, wutar na iya faɗuwa fiye da rabi cikin ɗan lokaci. A gida ba wani abu ba ne, batir zai cike. Amma ku ɗauki tasha irin ta Kumbotso a Kano, mai megawat 10, da aka buɗe a 2023. Faɗuwar rabin wutarta farat ɗaya abu ne da layin zai ji a jikinsa. Kyamara kuwa in ta ɗauki hotuna a jere, kwamfuta na iya ganin inda girgije ya dosa da saurinsa. In yana nisan kilomita uku yana tafiyar mita 10 a daƙiƙa, saura minti biyar inuwarsa ta iso. Minti biyar sun isa a tayar da janareta ko a shirya batir, kuma wasu ƙananan tashoshi a Ostareliya da ke haɗa sola da dizal haka suke yi. In aka kafa kyamara biyu nesa da juna, har tsayin girgijen ana samu. Ku miƙa yatsa ku rufe ido ɗaya, ku sake rufe ɗayan: yadda yatsan ke tsalle, haka girgije ke tsalle tsakanin hotuna biyun, kuma mafi kusa shi ya fi tsalle.

Sabon salo shi ne a bar iyakar 0.6 ɗin nan a koma ga ƙirƙirarriyar basira. Mutane su zauna su shata gajimare da hannu a dubban hotuna, a ba manhaja ta koya, har ta riƙa lura da siffa da laushi da gefen abu, ba launi kaɗai ba. Ta haka take rage ruɗewa a kewayen rana, wasu ma suna faɗin irin gajimaren cikin manyan iri goma da aka gina kan sunayen da Luke Howard, wani mai haɗa magani a Landan, ya gabatar a 1802. Kayan aikin kuma sun yi araha: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kyamara mai idon kifi da murfin roba mai haske sun isa a fara.

Ra'ayina a nan shi ne, duk da wannan ci gaba, kuskure ne a sallami mai duba sama ranar da aka kafa kyamara. Ya kamata su yi shekaru suna aiki tare, don a san inda suka saɓa. In ba haka ba, bayan shekara talatin wani zai ga lissafin gajimare ya yi tsalle a shekara kaza, ya kasa gane ko yanayi ne ya sauya ko ma'auni. Sannan manhaja abin da aka nuna mata kawai ta sani. Wadda ba ta taɓa ganin hazon Janairu ko jar ƙurar da ke gaban hadarin farkon damina ba, ba za ta gane su ba sai wani da ke zaune a ƙarƙashin wannan saman ya ɗauki hotunan ya ce mata wannan ƙura ce, wancan girgije.

Ga aikin mako. Ku sami cokalin ƙarfe mai sheƙi ko ludayin ƙarfe, ku kife shi a ƙasa a fili da hantsi ko bayan la'asar, ku tsaya yadda inuwarku za ta faɗa kansa ta tare rana, kamar baƙin zirin nan da na ba ku labari. Kada ku kalli ƙyallin rana a jikinsa, yana cutar da ido. Ku ɗauki hoton bayan cokalin da waya daga sama, za ku ga kusan duk saman ta taru a ciki, har da kanku a tsakiya. Ku zana da'irar a littafi, ku raba ta gida takwas, ku ƙiyasta. Ku yi haka kwana bakwai a lokaci ɗaya, kuna rubuta ƙiyasin ido tsirara a gefe guda, na hoto a ɗaya gefen, da ko ranar akwai hazo. Wanda makarantarsu ke da intanet, malamin jogarafi zai iya duba manhajar GLOBE Observer, inda ake tura wa hukumar NASA irin wannan rahoto ta gwada shi da abin da tauraron ɗan'adam ya gani a daidai lokacin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.